Zomon bakin gulbi: yadda taswirar kwamfuta ke nuna inda za a nemo shi kafin ya ƙare

Duk wadda ta taɓa kiwon zomo a bayan ɗaki ta san halinsa. Ka sayi mace da namiji a kasuwa, kafin shekara ta zagayo akurki ya cika, har ka rasa inda za ka sa ƙafa. Uwa ɗaya tana iya zuba ƴaƴa shida ko bakwai a ciki guda, ta kuma sake haihuwa bayan ƴan watanni. Shi ya sa idan aka ce wai akwai zomon da ke gab da ƙarewa a duniya, mutum zai ɗauka ba'a ake yi.

To amma akwai shi. Yana zaune ne a ƙasar Afirka ta Kudu, kuma macensa ɗa guda take haifa a shekara, sai jefi-jefi ta haifi biyu. Ƙiyasin da masana suka fitar a 2016 ya nuna cewa manyan da suka isa haihuwa ba su kai 250 ba, wato ko mutanen da ke cika rumfunan layi ɗaya a babbar kasuwar Maraɗi ran kasuwa sun fi su yawa. Tun 2003 ƙungiyar duniya mai kula da kare halittu, IUCN, ta sa shi cikin jerin dabbobin da ke cikin matsanancin haɗari.

Babbar matsalar masu son ceto shi ita ce gano inda yake. Dabbar da ba ta fita sai dare, ga ta ƙarama, ga daji mai faɗi. A nan ne kwamfuta ta shigo cikin aikin, da wata irin taswira mai hasashen wurin da ya kamata a dosa.

Ƙasar Karu da zomonta

Yankin da wannan zomo yake ana ce masa Karu. Fako ne mai ƙarancin ruwan sama, da ƙananan itatuwa masu ƙaya, zafi da rana, sanyi mai tsanani da hunturu. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 400,000, kusan ninki goma na jahar Maraɗi. Sana'ar mutanen wurin kiwon tumaki da awaki ne, don nama da gashi, kuma gonakin kiwonsu manya ne ƙwarai, an kewaye su da waya.

Gulaben Karu irin namu ne. Yawancin shekara rairayi ne busasshe, sai an yi ruwa su kawo, su kwana biyu su janye. A gefensu ne ambaliya ke ajiye ƙasa mai laushi da zurfi, inda ƙananan itatuwa ke yin duhu. A cikin wannan siririn kurmi na bakin gulbi zomon yake rayuwa, musamman a kewayen garuruwan Victoria West, Loxton, Fraserburg, Sutherland da Calvinia.

Ba babba ba ne, nauyinsa bai cika kai kilo 2 ba. Yana da dogayen kunnuwa, da farin zobe kewaye da ido, da wani baƙin layi da ya taso daga gefen baki ya bi kumatu, kamar an ja masa kwalli. Wutsiyarsa ruwan ƙasa ce gaba ɗaya. Da rana yana kwanciya a ɗan gurbi ƙarƙashin itace, da dare ya fito ya ci ganye da furanni, da ɗanyen haki in damina ta yi.

Abin da ya ɗaure shi da bakin gulbi shi ne haihuwa. Zomon dajinmu na nan yana haifar ƴaƴansa a fili, da gashinsu, idonsu buɗe. Na Karu kuwa ɗansa makaho ake haifarsa, ba gashi, nauyinsa kamar giram 40 zuwa 50. Dole uwar ta haƙa masa rami, ta shimfiɗa haki da gashin jikinta, ta toshe bakin ramin in za ta fita. Ramin kuwa ba ya haƙuwa sai a ƙasa mai laushi. In babu wannan ƙasa, babu ɗa.

Ita wannan ƙasa kuma ita ce manomi ke so. A can ne kawai alkama da ciyawar dabbobi ke yi a Karu. Masana sun ƙiyasta cewa kusan kashi biyu cikin uku na mazaunin zomon an nome shi ko an lalata shi. Sauran kuma yana fama da yawan kiwo, da saran itace, da madatsun ruwa da ke hana ambaliya sauka, da farauta da karnuka, da tarkon ƙarfe da ake ɗana wa dila, da motocin da ke take shi da dare.

Sunan da ya ɓatar da masu nema

Labarin neman wannan zomo ya fi shekara ɗari. A farkon ƙarni na 20, lokacin yaƙin Ingila da Turawan Buwa, wani sojan Ingila ya samo shi a kusa da wani wuri mai suna Deelfontein. Aka aika da shi gidan tarihi na Landan, inda masanin dabbobi Oldfield Thomas ya bayyana shi ga duniya a 1903. Sai ya raɗa masa suna da Latin, monticularis, ma'ana mai zama a ƙananan duwatsu.

Wannan suna ya yi ɓarna. Shekara da shekaru masu nema suna hawa tuddai da duwatsu, alhali zomon yana kwance a kwari. A shekarun 1940, Kyaftin Shortridge, shugaban wani gidan tarihi a garin King William's Town, ya kai ga sa ladan fam guda ga duk wanda ya kawo masa zomon. Daga nan ne mutanen yankin suka riƙa kiransa pondhaas, wato zomon fam.

Abin da labarin ke nunawa a fili yake. Wanda aka yi wa kwatancen banza, ko da ƙafarsa ta fi ta barewa sauri, ba zai isa ba. Kuma bincike a daji kuɗi yake ci: mota, mai, albashin ma'aikata, abinci. Ƙungiyar da ke jagorantar aikin a yau, Endangered Wildlife Trust, wadda aka kafa a 1973, ba ta da halin bin kowane gulbi na Karu da ƙafa. Tilas ta zaɓi inda za ta fara.

Yadda taswirar ke aiki

Mai karatu, ka ɗauki misalin matar da ke sayar da ƙosai. Idan za ta buɗe sabon wuri a unguwar da ba ta sani ba, ba ta zama ko'ina. Tana tuna inda cinikinta ya fi tafiya a baya: kusa da tasha, bakin makaranta, mahaɗar hanya, inda akwai inuwa. Sai ta nemi wurin da ya haɗa waɗannan abubuwa a sabuwar unguwar. Ba ta taɓa sayar da ko ƙwaya ɗaya a can ba, amma ta san inda ya fi kama da wurin riba. Aikin da kwamfuta ke yi ke nan, sai dai ita tana auna dubban wurare a lokaci ɗaya.

Mataki na farko shi ne tara shaida. Duk inda aka tabbatar an ga zomon, ana ɗaukar lambar wurin da na'urar GPS, irin wadda ke cikin wayoyin hannu na yanzu. Kowane wuri ya zama ɗigo ɗaya a kan taswira.

Mataki na biyu shi ne tara bayanin ƙasa. Ana yin taswira daban-daban, a ɗora wata a kan wata kamar yadda ake jera atamfa a shago: ta yawan ruwan sama, ta zafi da sanyi, ta tudu da kwari, ta irin ƙasa da zurfinta, ta nisa daga gulbi, ta irin tsirrai, ta gonaki da hanyoyi. Yawancin wannan bayani daga taurarin ɗan adam yake zuwa. Na Amurka masu suna Landsat suna ɗaukar hoton duniya tun 1972, kuma tun 2008 hotunan kyauta ne ga kowa. Na Turai, Sentinel-2, da aka fara harbawa a 2015, suna iya rarrabe fili mai faɗin mita 10, kuma suna komowa kan wuri ɗaya kamar kowane kwana 5. Daga hasken da ganye ke mayarwa sama ake gane inda ya yi kore da inda ya bushe.

Mataki na uku, kwamfuta ta yanyanka ƙasar gida-gida kamar gurbin dara. Ta duba gidajen da aka ga zomo, ta ga abin da suka yi tarayya a kai, sannan ta bi sauran gidajen ɗaya bayan ɗaya tana ba kowanne maki daga 0 zuwa 1. Wurin da ya yi kama ƙwarai da mazaunin zomo ya samu maki mai yawa, a shafa masa launi mai ƙarfi. Wanda bai yi kama ba a bar shi fari-fari. Manhajar da aka fi amfani da ita a wannan aiki a duniya ana ce mata Maxent. Steven Phillips da abokan aikinsa ne suka ƙirƙiro ta a Amurka, suka bayyana ta sosai a 2006. Abin da ya sa ta karɓu shi ne ba ta buƙatar a ce mata ga inda dabbar ba ta nan, ɗigon inda aka gan ta kawai ya ishe ta. Wannan ya dace da dabba mai ɓuya, domin rashin ganin zomo a wuri ba ya nufin ba ya nan.

Mataki na huɗu shi ne gwaji. Masana sukan ɓoye wa kwamfuta wani kaso na ɗigon da suke da shi. In ta gama taswirarta sai a fito da su a duba. Idan sun faɗa cikin wuraren da ta ba maki mai yawa, to hasashenta yana da ƙwari. Idan sun faɗa waje, a koma a sake lale.

Daga nan sai aikin ƙafa. A da, mutane ne ke jeruwa su bi kurmin suna kaɗa itace don zomo ya zabura, wasu a kan doki. Yanzu an fi amfani da kyamarar da ake ɗaurewa a jikin turke, mai ɗaukar hoto da kanta in wani abu ya gitta, ko da cikin duhu. Ana barin ta makonni kafin a dawo a kwashe hotunan. Ƙungiyar ta ma horar da wata karya mai suna Jessie da ke gane ƙamshin wannan zomo daga na sauran zomaye. Duk sabon wurin da aka tabbatar ana mayar da shi cikin kwamfuta, taswira ta ƙara gyaruwa.

Wani amfanin kuma shi ne hangen gaba. Ana iya canza wa kwamfuta lissafin ruwan sama da zafi, a ba ta wanda masana yanayi ke hasashe nan da shekaru masu zuwa, a ga inda launin zai koma. Wani bincike da aka buga a 2008 a mujallar Biological Conservation ya yi haka, kuma ya yi gargaɗin cewa fiye da kashi 90 cikin 100 na mazaunin zomon na wancan lokaci zai iya daina dacewa da shi saboda sauyin yanayi. Ga dabbar da ke haifar ɗa guda a shekara, kuma wayoyi da gonaki sun datse mata hanya, wannan ba ƙaramin labari ba ne.

Inda taswira ke tuntuɓe

Kwamfuta abin da aka ba ta kawai ta sani. Idan duk ɗigon da aka shigar daga bakin gulbi suka fito, bakin gulbi za ta riƙa nunawa. Idan masu bincike sun fi bin wuraren da mota ke shiga, sai taswira ta nuna kamar zomo yana son gefen hanya.

Zomon da kansa ya nuna wa masana iyakarsu. A wajajen 2003 an gano wasu a kudu, kusa da garin Touws River, nesa da inda aka saba ganinsa. Abin mamaki, waɗannan na kudu ba su tsaya bakin gulbi kawai ba, ana samunsu a wasu irin itatuwan daban, har da tsofaffin gonakin da aka bari. A 2013 aka gan shi a gandun Anysberg na hukuma. Sai kuma a ƙarshen 2018 aka tsinci mushensa a kan wata hanyar tsakuwa a yammacin yankin Baviaanskloof, can gabas, inda ba a taɓa sanin yana zaune ba. Aka kai kyamarori, a 2019 hotuna suka tabbatar akwai rayayyu a wurin.

Wanda ya tsaya ya duba wannan mushe ya ƙara wa taswira abin da tauraron ɗan adam bai iya gani ba. Shi ya sa masu aikin ke roƙon makiyaya, ma'aikatan gona da direbobi su sanar da su duk inda suka ga zomo mai baƙin layi a kumatu. Taswira tana rage wahalar nema, tana kuma rage kuɗi, amma ido da ƙafa ne ke yanke hukunci.

Ƙasar ta wani ce

Gano inda zomo yake rabin aiki ne. Kusan dukkan mazauninsa yana cikin gonakin mutane, ba cikin gandun gwamnati ba. Mai gona yana da tumaki, yana da ma'aikata, yana da bashin banki, kuma bakin gulbin nan shi ne wurin da dabbobinsa ke fakewa lokacin fari. Ba wanda zai zo da takarda mai launi ya ce masa ya tashi.

Don haka sai aka bi hanyar ciniki. Ƙungiyar ta zauna da manoma, suka kafa ƙungiyoyin haɗin gwiwa na masu gonakin da ke maƙwabtaka, inda kowa ya yarda da wasu sharuɗɗa: rage yawan dabbobi a bakin gulbi a wasu watanni, daina ɗana tarkon ƙarfe a wurin, hana karnuka yawo, barin sauran kurmin ba tare da an nome shi ba. A garin Loxton an buɗe gandun renon itatuwan gida, inda mazauna garin ke samun aikin yi, ana dasa shuke-shuken a wuraren da zaizaya ta cinye. Ribar manomi ita ce gaɓar gulbi mai itace ta fi riƙe ruwa da ƙasa, kuma ta fi ba da abinci ga dabba idan rani ya yi tsawo.

A nan taswira tana taimaka wa ɓangarorin biyu. Maimakon a hana manomi taɓa dukkan gonarsa, sai a nuna masa ɗan yankin da ya fi muhimmanci, sauran ya ci gaba da harkarsa. Kuɗin dashe kaɗan ne, sai a zuba shi inda zai haɗa kurmi biyu da suka rabu, domin zomayen wannan gefe su iya haɗuwa da na wancan.

Gwamnatin Afirka ta Kudu ma ta shigar da irin waɗannan taswirori cikin doka. Tun 2019, mai neman izinin babban aiki dole ya shigar da filinsa cikin wata manhajar tantance muhalli ta hukuma a intanet. Idan filin ya faɗa inda ake hasashen akwai dabba mai haɗarin ƙarewa, sai an tura ƙwararre ya duba kafin a ci gaba. Wannan yana da nauyi a Karu, inda kamfanoni ke kafa injinan samar da lantarki daga iska da rana, wasu kuma suna hangen iskar gas da yuraniyom da ke ƙarƙashin ƙasa. Hasashen kwamfuta a yau yana iya sa a kauce da hanya ko a matsar da turken lantarki.

Mu nan gida

Wani zai ce ina ruwanmu da zomon Karu, ga tsadar hatsi, ga kuɗin haya. Gaskiya ne zomon ba namu ba ne. Amma kayan aikin ba baƙi ba ne a Nijar. Cibiyar Agrhymet da ke Yamai, wadda aka kafa a 1974 bayan babban fari, da hotunan tauraron ɗan adam take bin yanayin damina, amfanin gona da makiyaya a ƙasashen Sahel. Kuma hotunan sama ne, haɗe da bincike a ƙasa, suka nuna wa duniya cewa manoman ƙasar nan, musamman na Maraɗi da Damagaram, sun raya itatuwa a kan fili mai kimanin hekta miliyan 5 ta hanyar sassaben zamani, wato barin tohon kututture ya girma a cikin gona.

Muna da namu dabbobin da suka kai bakin rami. Raƙuman dawa na Kure sun ragu har zuwa 49 a 1996. Da kulawar hukuma da ta mutanen ƙauyukan yankin, sun haura 600 a 2018. A wannan shekara ce aka ɗauki 8 daga cikinsu aka yi tafiyar fiye da kilomita 800 da su zuwa gandun Gadabeji, a arewacin jahar Maraɗi, inda aka yi kusan shekara 50 ba a ga raƙumin dawa ba. Tambayar da aka fara amsawa kafin a ɗora su a mota ita ce wadda ake yi a Karu: ina ne ya dace da wannan dabba, kuma mutanen wurin za su yarda su zauna da ita?

Sannan gulbin Maraɗi, gulbin Kaba, ƙoramun Damagaram da kwarin Majiya na Tawa, duk wurare ne da kowa ke so lokaci guda: mai lambu, makiyayi, mai yin bulo, mai saran itace, da dabbar dawa da ba ta da bakin magana. Matar da ke sayen itacen girki ta fi kowa sanin yadda ya yi tsada da kuma nisan da ake zuwa kafin a samo shi. Mai sayar da tumatir da albasa ya san abin da ke faruwa da farashi idan rijiyoyin fadama suka ja baya. Kurmin da ke ɓoye zomo shi ne ke riƙe gaɓar gulbi, kuma gaɓar gulbi ce ke riƙe lambun da ke cika tirenmu a kasuwa.

Hausawa sun ce zomo ba bawan giwa ba ne, dawa suka tara. A Karu, dawan da zomo ya tara da mai tumaki siririn kurmi ne a gefen busasshen gulbi. Kwamfuta ta nuna inda yake, kyamara ta tabbatar. Abin da ya rage yana hannun mai gonar da zai yanke shawarar ko ya kai garma wurin bana ko ya bar shi.